Kontar Ɗakin Baya

Kontar shida, na'urar auna wutar lantarki, a cikin kwali. Naɗin waya. Filaya. Rigar sanyin da ba ta da amfani a nan. Da waɗannan kaya Nasiru ya sauka Madarunfa, bayan shekaru yana karatun lantarki a Rasha. Tun dawowarsa babu abin da ke faranta masa rai, babu mai ɓata masa.

Alhaji Sa'idu ya gina gidan haya. 'Yan haya na faɗa kan wanda ya fi shan kuran, wato wutar lantarki, shi ya sa yake son kowane ɗaki da kontarsa, duk a jere cikin zaure. Ya ba Nasiru aikin.

Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya ya kunna abu a ɗaki, ɗaya ya duba kontar da faifanta ya juya. Azumi, ɗiyar Alhaji, ta ɗauko dutsen guga tana bin ɗakuna.

"Malam Bature, ya juya?" ta kira ta bayan bango.

"Ya juya."

"Kai fa? Ko kai ba a haɗa ka ba?"

Nasiru ya ci gaba da kallon faifan. Amma aikin da ya isa ƙarewa ran Laraba ya kai Juma'a ta sama.

Nasiru ya aika kawunsa neman auren Azumi. Alhaji ya ƙi.

"Yaron da bai kwance jakarsa ba? Gobe Yamai, jibi ƙasar ƙanƙara. Ga Sule direban garin Ɗan Issa yana nemanta, na san ƙofar gidansu."

Gaskiya ne, an yi wa Nasiru alkawarin aiki a Yamai. Azumi ta ji a bakin wasu. Ta daina kawo dutsen guga.

Nasiru ya same ta tana shanya.

"Da na faɗa miki."

"Da ka faɗa. Ni dai ba ni bin kowa Yamai, inna ba ta gani sosai."

"Azumina."

"Kar ka ɓata sunan in tafiya za ka yi."

Ya tsaya jiran ya ji wani abu a ƙirjinsa. Kaɗan ya ji. Ya ishe shi.

Akwai ɗaki a bayan gidan, ba waya, ba ɗan haya. Ya je Maraɗi ya sayo kontar guda, ya ja waya tun daga zaure. Alhaji ya tarar da shi bisa tsani.

"Wa ya sa ka? Ta wa ce?"

"Tawa ce, Baba. In ka ba ni ɗakin."

Alhaji ya daɗe yana kallon wayar. "Miƙe take," ya ce. "Turo kawunka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Aka raba goro, tsofaffi suka ce Allah ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Wata rana da hantsi motar Yamai ta tsaya, wanda ya samo masa aikin ya leƙo. "Nasiru, yau ce ta ƙarshe."

Azumi na ciki tana guga, ba ta ɗago ba.

"Allah kiyaye hanya," in ji Nasiru. Ya tura ƙofa ta rufu. "Nan nake zama."