Dodo Mai Warin Daddawa

"Duk ƙasar Minna babu dabbar da ban kama da hannuna ba," in ji wani yaro ɗan aji biyar. "Ni ko kada na gani, wutsiya nake ja masa."

A gindin mangwaron makaranta yake wannan cika baki. Bai rufe baki ba sai ƙadangare ya faɗo masa a kafaɗa. Gogan naka ya daka tsalle har takalminsa ɗaya ya fita. Da yara suka yi dariya, sai ya ce wai motsa jiki yake yi.

Aka buga ƙararrawa, suka shiga aji. Malam Gaiya ya ce, "Kowa ya shafa tsakiyar bayan na gabansa. Me kuka ji?"

"Ƙashi, Malam, guntu-guntu kamar carbi," in ji Rifkatu, yarinyar da ke zama a bencin gaba.

"Shi ne ƙashin baya. Tsutsar ƙasa, wato tana, ba ta da shi, fara ma ba ta da shi. Masu shi kuwa gida biyar ne. Akwai kifaye. Akwai su kwaɗo, da ke fara rayuwa a ruwa su ƙare a tudu. Akwai masu jan ciki, su maciji da kada da kunkuru. Akwai tsuntsaye. Sai masu gashi da ke shayar da 'ya'yansu, kamar akuya da ni da ku."

Sannan ya ce ranar Juma'a kowa ya kawo wani abu na dabba mai ƙashin baya. Wanda nasa ya fi kyau, hedimasta zai tafi da shi Zungeru a jirgin ƙasa, su ga kogi da gada.

Yaron nan mai cika baki ya kasa kunne. Ya sha gaya wa yara ya je Ikko a jirgi. Gaskiyar magana, iyakarsa bakin tasha, yana ɗaga wa fasinja hannu. Wannan kujerar jirgi kam sai shi.

Ya miƙe ya ce, "Malam, ni na taɓa kashe wata dabba a Kogin Chanchaga. Ba ta cikin gida biyar ɗin nan. Ita ce ta shida."

Malam Gaiya ya dube shi ta saman tabarau. "To, madalla. Kawo mana ƙasusuwanta."

Ka ji inda baki ya yanka wuya. A gida yaro ya shiga tsince-tsince. Aka yi miyar busasshiyar tarwaɗa, ya ɓoye kan. Aka yanka kaza, ya ɓoye wuya da ƙafafu. Ya je wajen mahauci ya roƙo wutsiyar akuya.

Innarsa ta kama shi yana lalube a kwanon Baba. "Kai, yaushe ka zama kare?"

"Aikin makaranta ne, Inna."

"Ikon Allah. Yanzu boko har ƙashin miya yake ci? To, ka wanke hannunka."

Saura gangar jiki. Maƙwabcinsu Baba Irimiya yana da tsohon ƙoƙon bayan kunkuru da yake zuba wa kaji ruwa. Yaro ya aro shi. Ya jiƙa ƙaro, ya samo zare, ya liƙa nan ya ɗaure can. Da ya gama, shi kansa sai da ya ja da baya.

Ranar Juma'a duk makaranta ta taru a fili. Rifkatu ta kawo ƙashin bayan kifi, ta wanke shi fes, ta shimfiɗa a kan kwali. Wasu sun kawo gashin zabo, wani ya kawo saɓar maciji.

Yaro ya zo ƙarshe da kwando a ka. Ya yaye tsumma a hankali. 'Yan aji ɗaya suka ruga bayan malamarsu.

"Wannan shi ne Dodon Chanchaga," in ji shi. "Yana iyo, yana tashi sama, yana cin shanu. Kokawa muka yi tun hantsi har azahar."

Malam Gaiya bai ce ƙarya ne ba. Ya ce, "'Yan aji biyar, ku matso ku gaya mana gidansa."

Rifkatu ta leƙa kan. "Malam, ga wurin da yake shaƙar iska a ruwa. Wannan kifi ne."

Wani yaro mai suna Ɗanladi ya taɓa ƙafa, sai ta ɓalle a hannunsa. Ya leƙa cikin ƙashin. "Ba nauyi, kuma rami ne a ciki. Tsuntsu ne, Malam. Har da ƙaho irin na zakara."

"Haka dodanni suke," in ji yaron.

Malam ya juya ƙoƙon ya nuna musu ciki. "Kun ga ƙashin bayan a manne da ƙoƙo? Wa ke da irin wannan?"

"Kunkuru," suka amsa baki ɗaya.

"Wutsiyar fa, mai ɗan gashi a ƙarshe?"

"Meee," in ji wani daga baya.

Sai Ndaman, ɗan ƙarami a ajin, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce, "Malam, wannan dodo ya sha daddawa."

Fili ya kaure da dariya. Yaro ya rasa inda zai sa kansa. Hedimasta ya share hawaye ya ce, "To, jarumi, wa ya cinye naman dodon?"

Yaro ya sunkuyar da kai. "Ni da Baba, ranka ya daɗe. Da tuwon dawa."

Aka sake fashewa, har shi ma ya yi murmushi. Malam Gaiya ya sa shi ya kwance dodon, ya ajiye kowane ƙashi a gidansa. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

"Ka gani?" in ji Malam. "Gida huɗu ka tara da hannunka. Da ka kawo su a haka, da babu wanda ya kama ƙafarka. Ƙarya ce ta cinye maka kujera. Rifkatu ce za ta je Zungeru. Kai kuma daga yau kai ne mai kula da teburin dabbobi na ajinmu."

Yaro ya ce, "Na gode, Malam. Na daina."

Yara, ku riƙe wannan. Abin da kuka sani ku faɗe shi yadda yake. Ƙarya ko an liƙa ta da ƙaro, a gaban jama'a take ɓallewa.