Faifan Sidi Dauda

"Ammi, idan ka fasa shi, wallahi sai dai ka haɗa da hannuna!"

Manal ce ta faɗi haka, ta riƙe gefen faifan garmahon da hannu biyu. Baffanta Wada ya riƙe ɗaya gefen, idonsa ya yi ja.

"Ki saki, ya binti."

"Ba zan saki ba..."

"Jibi mutanen unguwar Rusaifa za su zo neman aurenki. Jibi! So kike su ji cewa kakanki makaɗi ne?"

"Maganinsa ne, Ammi. Shi kaɗai ya rage masa."

Wada ya dubi gadon da ke jikin taga. Mahaifinsa na kwance, tsoho ɗan shekara tamanin da tara, ya ƙura wa bango ido, yatsunsa na ƙwanƙwasa ƙarfen gadon. Ko sanin ana rigima a kansa bai yi ba.

A hankali Wada ya saki faifan.

"Tayyib. Ba zan fasa ba. Amma daga yau har su zo su tafi, kada in ji ƙarar abin nan a gidan nan. Ni ne waliyyinki tun da babanki Idris ya rasu, kuma ba zan bari ki kashe aurenki da hannunki ba."

Ya fita ya bugo ƙofa.

Manal ta rungume faifan a ƙirjinta, ta fashe da kuka.

Duk unguwar Tandabawi ta Makka an san tsohon nan da Sidi Dauda mai turare, mutumin da ya zo daga Chadi, wanda ya yi shekara hamsin bai rasa sallar Asuba a Harami ba. Abin da ba a sani ba, tun kafin ya zama Dauda, Dabid ne sunansa, kuma a Kuba aka haife shi. Yana ɗan shekara sha biyu ya fara busa ƙahon tagulla. Bai cika ashirin da biyar ba ya zama shugaban makaɗa goma sha huɗu a birnin Habana, suna kiɗan da ake kira mambo, mai sa ƙafar gurgu ma ta yi ƙaiƙayi. Faifai bakwai ya buga, kowanne da hotonsa a bango, cikin farin kwat, yana dariya kamar duniya a aljihunsa take.

Yawon wasa ya kawo su Afirka. A Chadi zazzaɓi ya kwantar da shi, abokan kiɗa suka gaji da jira suka tafi. Wani Bahaushe mai sayar da goro ya ɗauke shi ya yi jinyarsa. Kafin ya warke ya riga ya koyi salla, ya kuma koyi satar kallon Shatu, 'yar mai gidan. Suka yi aure, suka biyo ta Sudan har Makka, ya ajiye ƙaho bai sake waiwayarsa ba.

Shatu ce ta ƙi zubar da faya-fayan. Uku ta ɓoye a ƙasan akwatinta tare da garmahon, kuma bayan rasuwarta Manal ta same su.

A lokacin mantuwa ta riga ta fara cin tsohon. Larabci ya fara tafiya, Hausa ta bi baya, ya koma surutu da harshen Sifaniyanci wanda babu mai ji a gidan. Bai gane ɗansa, bai gane jikarsa, har alwala sai an riƙe masa hannu.

Amma idan aka ɗora faifai, aka aza tafin hannunsa a jikin akwatin don ya ji girgizarsa, to, sai ka ga ikon Allah. Kunnensa ya yi nauyi, sai an ƙure murya. Kafin kiɗa ɗaya ya ƙare, idonsa zai dawo. Zai kira sunan kowa, ya nemi buta, ya yi salla raka'a biyu a zaune. Bayan ɗan lokaci kuma ya sake ɓacewa.

Garmahon nan ne ya haɗa Manal da Hatim.

Allurarsa ce ta lalace, ta naɗe shi cikin bargo ta kai wani ɗan shagon gyaran rediyo a unguwar Utaibiyya. Saurayin da ke ciki ya gyara, ya ɗora faifai don gwaji, sai ga shi yana kaɗa kai. Ya ɗago, suka haɗa ido, kowa ya kawar da kai. Gyaran da bai fi na yini ɗaya ba, sai da ta koma shagon sau huɗu, kullum da sabon abin da wai bai gyaru ba.

Ranar da suka yi rigimar nan da Wada, da la'asar ta kira shi, muryarta a dashe.

"Habibti, me ya same ki?"

"Ammi ya hana ni kunna wa Sidi faifai."

Ta jiyo ya yi ajiyar zuciya.

"Hatim?"

"Ina jin ki, ya ruhi... Akwai maganar da ban so in gaya miki ba. Nora ta nuna wa Ummi hoton."

"Wane hoto?"

"Na bangon faifan."

Nora 'yar gwaggon Hatim ce, wadda tun suna yara ake tsokanarta da sunan matarsa, ita kuma ta ɗauki tsokanar da gaske. Makon jiya ta zo duba Sidi, da dabino a leda da hawaye a ido. Ashe da Manal ta shiga kawo shayi, wayarta ta zaro.

"Abuya ya gani?"

"Ya gani. Ya ce zai tambayi Ammi Wada da bakinsa. Kin san shi, Manal. Kakanninsa malaman Kano ne, kullum maganarsa gidanmu ba a haɗa jini da makaɗa. Ko a nan aka haife shi, wannan bai bar shi ba."

"Mutumin da ya tuba tun kafin babanka ya yi gemu?"

"Na sani! Wallahi na sani. Ni fa ina son tsohon nan. Kwana biyu kawai nake roƙo, habibti. A karanta Fatiha, ki zama tawa, bayan nan ni da kaina zan riƙa kunna masa. Ki yi min alkawari."

Tana son yaron nan. So irin wanda ke hana mutum cin abinci, ya kuma sa shi murmushi shi kaɗai a kicin kamar wanda ya zautu.

"Na yi maka alkawari," ta ce.

Kwana biyun nan ba su yi wa Sidi Dauda daɗi ba. Ya ƙi abinci. Yakan miƙa hannu gefen gado inda akwatin ke zama, ya lalubo iska, ya mayar da hannun. Duk lokacin da ya yi haka, Manal sai ta ji kamar ita ta zare masa numfashi.

Ranar Alhamis bayan La'asar baƙi suka iso. Ta leƙo ta saman bene ta ga takalma sun jeru a bakin majalisa. Alhaji Nasir mahaifin Hatim ne da ƙannensa biyu, sai Hatim a baya cikin farar riga, ya sunkuyar da kai. Ƙamshin gahawa da turaren wuta ya cika gidan. Ta koma ɗaki tana gyara mayafi, zuciyarta na tsalle.

"Manal! Zo maza!"

Muryar mahaifiyarta Khadijatu ce, daga ɗakin Sidi.

Tana shiga ta gane. Numfashinsa ya sauya, yana ja da ƙyar, ƙafafunsa sun yi sanyi. Idonsa a buɗe, yana zazzare su kamar yaron da ya ɓace a kasuwa.

Khadijatu ta durƙusa a kansa. "Sidi, ka ce La'ilaha illallah... La'ilaha illallah..."

Ya dube ta a tsorace. Bakinsa ya motsa, wasu kalmomi suka fito da harshen nan nasa na yarinta.

"Sidi, ni ce Manal. Ka faɗa tare da ni. La'ilaha..."

Ya janye hannunsa daga nata. Bai san ta ba. Bai san abin da take faɗa ba.

"Ummi, in kira Ammi?"

"Ki kira shi ya yi me? Shi ma ba gane shi zai yi ba."

Manal ta juya ta kalli ƙarƙashin gado, inda aka tura garmahon aka lulluɓe da bargo. Mahaifiyarta ta bi idonta da kallo, ta yi wuf ta damƙe mata wuyan hannu.

"A'a. Kada ki soma."

"Ummi..."

"Ki jira su tafi! Gidan nan ko tari aka yi a sama sai an ji a ƙasa. Rayuwarki ce, Manal!"

Ta kalli tsohon. Mutumin da ya goya ta a kafaɗa ya kai ta ɗawafi tana shekara huɗu, wanda ya koya mata Fatiha da Hausarsa mai karkata. Ya bar ƙasarsa, ya bar sunansa, ya bar tafi da kirari saboda kalma guda, yau ga shi zai tafi kalmar ta ɓace masa.

Ta tuna farar rigar Hatim. Ta tuna alkawarinta. Hawaye suka zubo mata.

"Ki yafe min, Ummi."

Ta zare hannunta, ta jawo akwatin, ta ɗora faifai. Ta kamo tafin kakanta ta aza a jikin katakon, ta sauke allura, ta ƙure murya har ƙarshe.

Ganguna suka fara, sannan ƙahonni suka tashi gaba ɗaya. Kiɗan murna ne, na mutanen da ba su san akwai mutuwa ba. Ya cika ɗakin, ya gangara matakala, ya shiga ko'ina a gidan.

Khadijatu ta toshe bakinta da mayafi tana kuka.

Yatsun tsohon suka motsa. Sau biyu ya ƙwanƙwasa katakon, daidai inda ƙahonsa zai shigo. Idonsa ya daina yawo. Ya juyo a hankali.

"Manal... 'yar Idrisa."

"Na'am, Sidi! Ni ce!"

"Kuka kike?"

"A'a, Sidi."

Ta ɗaga allurar. Ba ta so ya zama kiɗa ne abin da kunnensa zai ji a ƙarshe. Ɗakin ya yi tsit, kuma a cikin shirun ta jiyo motsin takalma a ƙasa, da muryar Wada yana roƙo, da ƙarar ƙofar waje.

Ba ta waiwaya ba.

Ta kai bakinta saitin kunnensa. "La'ilaha illallah."

Ya yi ɗan murmushi, irin na wanda aka tuna masa abin da ya daɗe da sani.

"La'ilaha... illallah... Muhammadur Rasulullah."

Tsaf ya faɗa, babu gargada. Ya ja numfashi biyu, na uku bai zo ba.

Wada ya hayo da gudu, fuskarsa a murtuke, bakinsa cike da magana. Ya tsaya a bakin ƙofa. Ya ga Khadijatu na rufe idon mahaifinsa.

"Ya yi shahada?" Abin da ya iya tambaya ke nan.

"Ya yi," in ji Khadijatu.

Sai ya zauna a ƙasa, ya kifa kai a gwiwa.

Washegari bayan Juma'a aka yi masa salla a Harami. An gaya wa Manal cewa Hatim na cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma bai yarda kowa ya karɓe shi ba har makabarta. Wannan labarin ya sa mata ɗan rai, ta riƙe shi kwana biyu.

Ranar uku da hantsi aka ce ana sallama da ita a ƙofa. Ta sauko. Yana tsaye a ƙasan matakala, ya rame, idonsa ya kumbura.

"Allah Ya jiƙan Sidi."

"Amin. Na gode da ɗaukar da ka yi masa."

Ya sunkuyar da kai.

"Abuya ya rantse, Manal," ya ce da ƙyar. "A gaban ƙannensa, da Alƙur'ani a hannu. Ya ce an dube shi ido da ido an yi masa ƙarya. Ya ce idan na aure ki, ko gawarsa kada in zo kai."

"Ka roƙe shi?"

"Kwana uku ina durƙushe. Ummi ta sa baki, limaminmu ya sa baki... Halas, magana ta ƙare. Ya ƙi."

"To kai fa?"

Hawayen da suka gangaro masa suka amsa, kuma ta gane. Ba ta ga laifinsa ba, ita da ta zaɓi nata tsohon a kansa.

"Ranar nan fa har ya yarda, habibti," ya ce. "Ammi Wada ya ce masa hoton ba na Sidi ba ne, kuma ya yarda! An ɗaga hannu za a karanta Fatiha, sai kiɗan ya sauko. Minti goma, Manal. Da kin ba ni minti goma kacal..."

"Bai kai minti goma ba, Hatim."

Ya ɗago ya dube ta.

"Daga sanda na ɗora faifan zuwa sanda ya cika, bai kai ba."

Ya jingina kansa da bango, kafaɗunsa na girgiza.

"Kin yi nadama?"

"Zan daɗe ina kukanka," ta ce. "Wataƙila har in tsufa. Amma nadama, a'a."

Ya gyaɗa kai. Ya juya ya fita.

Ta tsaya har ta daina jin takunsa a lungun. Sannan ta goge fuskarta da gefen mayafi ta hau sama, don akwai mata masu ta'aziyya da ba a zuba musu gahawa ba.