Icen da Ake Ba Ruwa

Hantsin Asabar ne, zafin bazara ya fara cizo, wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda riƙe da hannun 'yarta mai kimanin shekara uku. Ta ce sunanta Nusaiba, daga Rafin Guza, sata aka yi mata.

Saja Mustapha ne a kanta. Ya ɗauki biro. "Me aka sace?"

"Naman kaza, Yallaɓai."

"Soyayye ko ɗanye?"

"Bai ma gama fitowa ba."

Saja ya ajiye biron ya dube ta. "Malama, ko dai ƙwai kike nufi?"

Sufeto Inuwa na wucewa zuwa ofishinsa, sai ya ci birki. Shi mutum ne da ba ya iya wuce abin da bai gane ba. Ya sa aka ba ta kujera.

"Ranka ya daɗe, ba kaza ba ce mai fiffike," in ji Nusaiba. "Abin nan ne da ke tsirowa jikin ice da damina."

"Laimar kwaɗi?"

"Danginta ne, amma wannan ana ci. Shuka shi na yi a jikin gungumen mangwaro goma sha biyu. Jiya lokacin Juma'a na kai 'yata Atika gidan mahaifiyata, kafin in dawo an kwashe su."

Ta ce bara yarinyar ta yi doguwar jinya, a asibiti aka ce sai an dage da abinci mai gina jiki. Nama kuwa ya fi ƙarfin gidan, mijinta direba ne, sai ya yi sati uku a hanya. A wani ajin koyar da mata sana'a ta koyi shukar, ta samo irin.

"Wata takwas ina ba su ruwa safe da yamma. Shekaranjiya na ga kawuna sun fara ɓullowa, ƙanana kamar kan ashana. In suka kwana biyu a rana ba ruwa, sun mutu. Ni ba ɗaure mutum na zo nema ba, icena nake so da ransa."

Sufeto ya ɗauki hularsa. "Saja, ice mai rai aka sace. Mu je mu gani."

Filin da ke bayan ɗakin Nusaiba bai fi faɗin tabarma huɗu ba, duk inuwar wata bishiyar gwaiba ta rufe shi. An shimfiɗa kwalaye a ƙasa, an zuba ɓarɓashin katako a kai. Ga bulo an jera sahu biyu, an kewaye su da toka.

"Tokar fa?"

"Saboda gara. Bulon kuma don kada icen ya zauna a ƙasa."

Sufeto ya tsuguna ya tona ɓarɓashin da yatsa. Wani farin abu kamar saƙar gizo ya kama shi ko'ina, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko.

"Shi ne ransa," in ji Nusaiba. "Haka yake bin cikin icen. Huji ake yi jere-jere, a cusa irin, a toshe da kakin zuma. Atika, saki wannan! Me na ce miki?"

"Ba a ci sai Umma ta tsinka," in ji yarinyar, ta zubar da abin da ke hannunta.

Sufeto ya duba ƙofar langa-langa da ke fita lungu. An ɓalle sakatar. A ƙasa akwai sawun baro, ya nutse sosai. Kusa da ƙofar ga tukunyar gas, ga injin markaɗe, ba wanda ya taɓa su.

"Ban da icen, me kuma ya ɓata?"

Ta duba kewayen wurin. "Buhunan algarara da nake jiƙawa ina rufe su."

"Ɓarawon icen girki ba ya ɗaukar jiƙaƙƙen buhu ya bar tukunyar gas," in ji Sufeto. "Wa ya san abin da kike yi a nan?"

"Sambo kafinta kaɗai, shi ya yi mini hujin. Na roƙe shi kada ya faɗa. Kun san unguwa, yanzu a ce matar direba na kiwon laimar kwaɗi, a hana yara wasa da 'yata."

"Icen fa, a ina kika samu?"

"Wurin Malam Bello mai ice, bakin titi. Ɗanye na ce ya samo mini daga Katabu. A ƙofar gida ya sauke, bai taɓa shigowa ba."

Sun sami Sambo yana goge wata ƙofa. Da ya ga kaki sai ya miƙe tsaye, ya cire fensir daga bayan kunne.

"Wa ka gaya wa zancen icen Maman Atika?"

"Ni? Oga, bakina alaikum. Amana aka ba ni."

"Ko mutum ɗaya?"

"Ko matata."

Daga teburin mai shayi da ke jikin shagon wani ya ɗaga murya. "Sambo, zancen matar nan ne mai shuka nama a jikin ice?"

Sambo ya runtse ido. Saja ya fashe da dariya. "Amanar taka ta sha shayi ke nan, har da madara."

"Wallahi sau ɗaya ne, Oga. Hira ce ta kawo. Na ce a manyan gidajen abinci ya fi naman sa daraja, aka yi ta yi mini dariya."

"Su wa ke wurin?"

"Rabin layin nan. Wa zai tuna?"

Ranar Juma'a kuwa tun safe Sambo yana Babbar Kasuwa sayen ƙusa da fenti, a can ya yi salla. Mai shayi ya tabbatar da sai bayan la'asar ya ga saukowarsa daga Keke.

Da suka fito, Sufeto ya ce, "Saja, daga yanzu kada ka ambaci ice. Ka faɗa yadda ta faɗa maka da farko."

Haka suka bi lungun. Wata dattijuwa mai ƙosai ta ce, "Naman kaza? Yaushe Nusaiba ta yanka kaza ban ji ƙamshi ba?" Mai wanki da guga ya ce a tuhumi magen gidan liman, ta saba. Wani tela da ya ji hirar Sambo ya yi dariya ya ce ai shi ya ɗauka zuƙi-ta-malle ce.

Rumfar Malam Bello na bakin titi. Faskararren ice tsibi-tsibi, buhunan gawayi, ga baro an jingine shi a bango. Mutum ne siriri, mai yawan gaisuwa.

"Sannu da zuwa, Yallaɓai. Ina gajiya? Ya aiki? Ya jama'a?"

"Lafiya lau. An shiga gidan Maman Atika jiya, an sace mata naman kaza."

"Subhanallahi! Mutane ba tsoron Allah. To ni me zan yi da ruɓaɓɓen ice duk huji-huji? Ko kyauta aka ba ni ba zai ci wuta ba."

"Haka ne. Ka taɓa shiga cikin gidan?"

"Ni? Matar aure? A ƙofa nake tsayawa."

"Jiya ina ka yi Juma'a?"

"A masallacin Kawo, Yallaɓai. Sahun gaba."

Sufeto ya yi masa godiya. Sai da suka sha kwana ya tsaya.

"Saja, wa ya ce masa ice?"

"Ƙila ya ji a wurin mai shayi."

"Ƙila. Amma da ya sauke icen nan lafiyayye ne, ba huji ko ɗaya. A ina ya ga ya ruɓe? Sai dai zato ba hujja ba ce. In ice na hannunsa, kuma ya ɗauki buhunan, me zai fi bukata yanzu?"

Amsar ce ta biyo layin da kanta, tana ƙara. Wani dattijo mai sayar da ruwa, Baba Bilal, yana turo kurarsa cike da jarkoki. Sufeto ya tare shi.

"Baba, ya kasuwa?"

"Alhamdu lillahi, zafi ya sa ana nema."

"Malam Bello na saye a wurinka?"

"Shekara da shekaru, jarka ɗaya, ta alwala da sha. Amma jiya da la'asar huɗu ya karɓa, yau da safe ma huɗu. Na ce Bello, wanka za ka yi wa gawayin? Ya ce in bar masa a ƙofar baya in tafi."

Sufeto ya dubi Saja. "Ka taɓa ganin mai sayar da icen girki na ba ice ruwa?"

Suka aika aka kira Nusaiba. Ta zo da Atika a goye.

Da Bello ya gan su tare, gaisuwa ta ƙare masa. Bayan rumfar akwai wani ɗan shinge na langa-langa, ruwa na malalowa daga ƙarƙashinsa har ya yi taɓo. Ya ce makullin na gida. Saja ya ce ba damuwa, za su jira, ko su raka shi. Sai makullin ya fito daga aljihunsa.

A ciki ga buhunan algarara sharkaf. Sufeto ya ɗaga ɗaya.

Gungumen na jere a ƙasa. Daga kowane huji abu ya fito curi-curi, fari mai ruwan toka, kamar kunnuwan jarirai a haɗe. Sufeto ya daɗe yana kallo kafin ya tuna aikin da ya kawo shi.

"Nawa ne, Yallaɓai," in ji Bello. "Daga Katabu suka zo haka. Ai yana fitowa da kansa."

"Da kakin zuma yake fitowa?" in ji Nusaiba. Ta juya wani gungume. A gindinsa an rubuta A da jan fenti. "Sunan mai shi ne."

Sai idonta ya kai lungun shingen. Guda biyu an faskara su gida huɗu-huɗu, suna kwance a rana, farin cikinsu ya bushe ya koma rawaya. Ta tsuguna ta dafa ɗaya.

"Me ya sa ka fasa waɗannan?" in ji Sufeto.

Bello ya zauna a kan buhun gawayi. "Na ɗauka naman a ciki yake, Yallaɓai. Na ji Sambo na cewa ya fi naman sa. Ranar nan na kai ice maƙwabta, na leƙa ta kan katanga na gani. Sai na ce ashe ni na kawo mata arziki a farashin makamashi. Jiya da layi ya watse aka tafi masallaci, na shiga da baro, sawu uku. Na fasa biyu ban ga komai ba, sai na ce bari in ba sauran ruwa yadda na ga tana yi."

"Sahun gaban ke nan," in ji Saja, yana ciro ankwa. Ya juyo. "Yallaɓai, a kwashi icen a kai sito, kayan shaida ne."

Nusaiba ta miƙe da sauri, ta shiga tsakaninsa da gungumen. "Sito? Ɗakin kwano, ba iska ba ruwa? Kafin a je kotu sun mutu. Don Allah, Ranka ya daɗe, miyar yarinyar nan ce."

Sufeto ya dubi Atika, wadda ta leƙo ta kafaɗar uwarta tana nuna curin da yatsa.

"Ɗauki hoton kowanne, Saja. Biyun da ya kashe su ne shaidarmu. Goman nan ta sa hannu ta karɓa, in alƙali na son ganinsu a kai shi inuwar gwaiba."

Baba Bilal ya sauke jarkokinsa, aka jera gungumen a kura, Nusaiba na rufe kowanne da buhu tana cewa a yi a hankali da kunnuwan.

Saja ya tasa Bello gaba. Sun kusa mota sai Bello ya waiwayo.

"Maman Atika, don Allah, da gaske ɗanɗanon kaza gare shi?"

Nusaiba ta gyara goyonta. "Da sallama ka yi, Malam Bello, da jibi ka ji a bakinka."

Saja ya buɗe ƙofar mota, ya tura shi ciki.