Sirrin Shunin Ezra

"Jinƙai! Ke Jinƙai! Miyar ce ke ƙauri ko hancina ne?"

Firgigit ta yi ta sauke tukunya. Mahaifiyarta Mama Rebeka ta tsaya a ƙofar madafi riƙe da ƙugu, ta ce, "Kin sake tahiya garin ƙanƙara ke nan? In kin dawo ki gaishe mini da mutanen can."

Jinƙai ta rufe fuska tana dariya. Gaskiyar Mama ce, tun da ta haɗu da Ezra a ƙungiyar mawaƙan coci, gangar jikinta ce kawai a Jibiya. Shi Ezra ba ya da shago, ba ya da ofis. Sana'arsa tana cikin waya, a wani wasan intanet mai kasuwa guda, inda Bature da Balarabe da ɗan ƙauyen Farfaru irinsa ke ciniki ba wanda ya san fuskar wani. Kullum da hantsi yakan hau mashin zuwa Magama, bakin boda, ya zauna gindin bishiyar bedi inda layin Nijar ke kamawa tangaran. Zinariyar wasan da ya samu kuwa akwai masu sayenta da kuɗi na gaske, su turo masa ta banki.

In ya zo zance da la'asar, sai ya miƙa mata wayar. A nan ta fara ganin duwatsu farare fat, da kogi shuɗi, da ƙanƙara tana sauka a hankali kamar ana sheƙar gero. Har ɗan gida ya gina musu a bakin kogin, mai taga biyu. Yarinyar da ba ta taɓa wuce Katsina ba, sai ga ta tana mafarkin shanya a kan dusar ƙanƙara. Tana son wurin, amma ta fi son muryar mai nuna mata shi.

Ita kaɗai ya gaya wa sirrinsa. Akwai wani ɗan fure a wasan da kowa ya raina, ana zubar da shi a kasuwa kamar kyauta. Shi ne ya gano in aka dafa shi da toka yana zama shuni, shunin kuma masu rina alkyabbar mayaƙa rububinsa suke.

"Arha nake saye, in dafa, in sayar da tsada," in ji shi. "Amma fa ƙaramar rijiya ce, Jinƙai. Guga ɗaya ko biyu take ɗauka. Ranar da gari ya sani, ranar za ta ƙafe."

Matsalar ta ɓullo ne daga cikin gida. Yayanta Filemon ya gama karatu ba aiki, sai ya shiga safarar fetur a jarka ta hanyar daji zuwa Nijar. Duk fitar da zai yi, mahaifinsu Malam Kefas, ma'aikacin lafiya a bakin boda, ba ya iya cin abinci sai ya ji ƙarar mashin ɗinsa. Da maganar sa rana ta taso, sai tsohon ya kira Ezra zaure.

"Ɗana, ba ni ƙin ka da ɗiyata. Amma wanda zai shiga gida, ya kamata gidan ya ji sanyinshi. Ka koya ma Filemon wagga sana'a taka ya bar daji. In ka yi, mu sa rana."

"Baba, abin ba ya son yawa ne..."

"Mi? Rowa za ka yi ma yayan matarka?"

Jinƙai na bayan ƙofa tana jin komai. Daga ranar Filemon ya sa ta gaba. In ya yi lallashi da safe, da rana sai gori. "Kin sani kika ɓoye! In 'yan duwan, kwastan ɗin Nijar, suka harbe ni, ki sa shunin ki rina mini likkafani!"

Ta yi kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta faɗa ba. Ezra ne ya zo ya ga fuskar, sai ya ce, "Kira mini Yaya."

"Ezra, kar ka yi don ni!"

"To don wa zan yi?"

Ya zaunar da Filemon ya nuna masa komai, tun daga sayen fure har lokacin kai shuni kasuwa. Abu ɗaya ya roƙa. "Don Allah, Yaya, daga ni sai kai."

"Haba, no wahala! Bakina alekum."

Bakin da ya yi alekum ɗin bai kai Lahadi biyu ba. Filemon ya ga ribar tana zuwa kaɗan-kaɗan, shi kuwa ya saba da ta jarka mai zuwa a dunƙule. Sai ya koma shagon cajin waya yana sayar wa samari sirrin, kowa ya biya a raɗa masa. Wanda ya saya shi ma ya sayar. Kafin ka ce kwabo, gindin bedin Magama ya cika, har da 'yan Maraɗi masu cewa rezo, wato layin waya, ya fi kyau a nan. Kowa na sayen fure, furen ya yi tsada. Kowa na dafa shuni, shunin ya zama abin banza. Rijiya dai ta ƙafe ƙaf.

Ezra ya sayar da mashin, ya koma Farfaru yana taya kawunsa noma. Malam Kefas kuwa, da bai san kan zancen ba, ya ce, "Na faɗi! Sana'ar da ba a taɓa ta da hannu iska ce. Ba ni ba da ɗiyata ga iska. A bar maganar."

"Baba, wallahi ba laifinshi ba ne!"

"To na wa ne?"

Ta buɗe baki, ta dubi Filemon da ya sunkuyar da kai a kan kwano, ta tuna Ezra ya ce mata, "Kar ki haɗa uba da ɗa faɗa saboda ni." Sai ta haɗiye maganar, ta shige ɗaki hawaye na zuba. Ranar ta ji haushin yayanta, ta ji haushin haƙurin Ezra ma.

Damina ta yi nisa. Duk ranar kasuwa Ezra zai zo a ƙafa ko a bayan a-kori-kura, ya durƙusa ya gaishe da Malam Kefas, a amsa masa a daƙile, ya tashi. Ba a hana su gaisawa a bakin coci ba, a nan yake ba ta wayar ta leƙa gidansu na bakin kogi. Ƙanƙara na nan tana sauka abinta, ba ruwanta da abin da ke faruwa a Jibiya.

"Har yanzu kana shiga?" ta tambaye shi.

"Ina leƙawa. Mai kwaɗayi ba ya daɗewa a bakin busasshiyar rijiya. Za su gaji."

Wata la'asar sai ga Malam Uwaisu, maƙwabcinsu, ɗan kwamitin Hisba na unguwa. Shekara da shekaru suna musayar tuwon Salla da shinkafar Kirsimeti, don haka ya shigo da sallama, ba da hukuma ba.

"Malam Kefas, iyayen yara sun kawo ƙara, wai ana caca a shagon caji. Mun bincika, ba caca ba ce, ciniki ne. Amma ɗanka Filemon ya amshi kuɗin yara da yawa, wai shina sayar masu da sirrin wani Ezra. Yanzu abin ya mutu, suna son haƙƙinsu. Na ce bari in zo gida tukuna."

Da baƙo ya fita, Malam Kefas ya daka tsawa, "Filemon!"

Filemon ya zube a ƙasa. "Baba, ni ne. Ya roƙe ni in yi shiru, ni na watsa."

"Shi yaron ya sani?"

"Tun ranar farko."

"Ya sani, kuma kullum shina zuwa ya durƙusa mini, ina amsa mashi kamar bara?" Tsohon ya juya ga Jinƙai. "Ke ma kin sani?"

Ta gyaɗa kai tana kuka. Mama Rebeka ta ce, "Kai ka matsa ma yaro ya buɗe rumbunshi, da aka kwashe ka ce ba ya da hatsi."

Washegari Malam Kefas bai aika ba, da kansa ya tafi Farfaru. Ya tarar da Ezra a gona, taɓo har gwiwa. Ezra ya yar da fartanya zai durƙusa, tsohon ya riƙe kafaɗarsa.

"Tashi, ɗana, ni ya kamata in duƙa. Ka turo manyanka ranar Asabar."

"Baba, ba ni da komai yanzu. Ko mashin babu."

"Na sani. Shi ya sa na zo yau, kar wata rana ka ce don abin hannunka na ba ka."

Aka sa rana bayan girbi. Filemon ya sayar da nasa mashin ya mayar wa yara haƙƙinsu, ya kama aiki a wani kemis. Kafin a ɗaura aure, samarin gindin bedi sun watse ɗaya bayan ɗaya, fure ya koma arha, shuni ya fara daraja. Ribar ba ta kai ta da ba, amma ta riƙe gida.

Ranar biki, da 'yan zumuntar matan coci suka rako amarya da waƙa, Jinƙai ta yi kukan da ba na baƙin ciki ba. 'Yan'uwa, ku duba ku gani: kwaɗayi mabuɗin wahala ne, mai haƙuri kuma shi kan dafa dutse har ya sha romonsa. Iyaye su ma su ji tsoron Allah, kar su mai da neman auren 'ya'yansu hanyar tatsar ɗan mutane. Malam Kefas ya gane haka, har ya tsufa bai sake tambayar surukinsa ko sisin kwabo ba.