Hodar da Ba Ta Sa Tari

Injiniya ya tura hannu cikin duron har gwiwa, ya damƙo hoda daga ƙasa, ya kai hanci. Bai yi tari ba.

Abin da ya tsorata shi ke nan. Kulorin, maganin da suke zuba wa ruwan gari, ba a shaƙarsa a zauna lafiya. Sai ido ya kawo ruwa, maƙogwaro ya ɗauki zafi. Wannan kuwa ko atishawa babu. Ya murza da yatsa. Farar ƙasa ce, irin ta shafen bango. An dai shimfiɗa magani na gaske a sama, kaurin tafin hannu, kamar yadda ake jera manyan tumatir a bakin kwando.

Ya buɗe duro na biyu. Haka. Na uku ma haka.

Da sassafe wata ma'aikaciyar asibiti ta kira shi. Yara goma sha ɗaya daga unguwar gangare, amai da gudawa, duk famfo ɗaya suke sha. Ya ce mata ba zai yiwu ba, takardun gwaji na gabansa, ruwa lafiya lau. Yanzu ga takardun a hammata, ga farar ƙasa a hannu, ya rasa wanda zai ƙaryata.

Watansa biyu kacal da zama shugaban tashar ruwan. Ya sa aka kashe injin da ke tura ruwa cikin gari, sannan ya kira Manaja a babban ofis.

"Wa ke zuba maganin?" in ji Manaja.

"Baba ne, ranka ya daɗe."

"To, ka ga an gama. Ga kofur ɗin 'yan sanda nan na turo. Ka rubuta suna, ka miƙa masa mutum kafin la'asar."

Baba ne ya koya wa Injiniya riƙon sufana tun yana ɗan koyo. Ya mayar da wayar aljihu.

Kofur ya iso, ya tsaya a gindin tanki yana fifita da hula. Direban tashar, wanda kowa ke kira Ba-Komai don ita ce amsarsa ga duk aikin da aka roƙe shi, ya ruga ya kawo masa kujera da ruwa a kofi.

"Na nan ne?" in ji kofur.

"Na nan ne, yallaɓai."

"Allah ya amfana. Azumi nake yi daga yanzu."

Injiniya ya fara da mai sito. Ya same shi zaune a kan buhun yashi, makullai a hannunsa.

"Makullin siton nan nawa ne?"

"Biyu. Ɗaya gare ni, ɗaya gare ka."

"Duro nawa aka kawo?"

"Shida, sati uku da suka wuce. Shida na ƙirga, shida na shigar."

"Ka duba ciki?"

"Na leƙa. Fari ne, ya kuma sa ni tari. Me kuma zan duba? Ni asma gare ni, Oga, ka sani. Da na ɗebi duro uku da hannuna, da yanzu ana zaman makokina."

"Wayar hatimin bakinsu fa?"

"A yanke suke shigowa ai. Ba ni da filaya, wata biyar ina nema. Ba-Komai ke yanke mini tun a kan mota, Allah ya saka masa."

Injiniya ya rubuta filaya a bayan takarda, bai san dalili ba. Ya duba kwaɗon sito, ba a taɓa shi ba. Ya duba ƙasa, babu burbushin hoda. Ba a nan aka yi canjin ba. Ko kuwa a nan aka yi, aka share.

Baba yana ɗakin zubi yana wanke ludayin awo. Rigarsa duk ta yi dabbare-dabbare saboda cin magani.

"Baba, kwana nawa kuna zuba farar ƙasa?"

"Haka na ji ana faɗa."

"Ba ku ji ba ta wari ba?"

Tsohon ya ajiye ludayin. Ya dubi ƙofa, ya rage murya.

"Ɗana, shekara huɗu rabona da jin warin komai. Ko turare, ko mushe. Maganin nan ya cinye hancin. Na ɓoye don kada a ce in tafi gida."

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Kai ma da gida za ka ce in tafi. Ludayi tara safe, tara yamma, ban taɓa fashi ba. Kuma kullum takardar Malama mai gwaji na cewa lafiya. Wa zan yi wa gardama, takarda?"

Injiniya ya fito waje. Maganar ba ta wanke Baba ba. In aka rubuta ta, ita ce ma za ta ɗaure shi. Amma mutumin da ya saci magani ba zai tsaya yana auna ƙasa ludayi tara ba, sai in ya fi kowa iya wasa. Shekara goma sha biyar ya san Baba. Yau ya ji kamar bai san kowa ba.

Saura Malama mai gwaji. Ɗakinta yana cikin gari, ya hau babur ya tafi. Ya tarar ta miƙe ƙafafu a kan kwali, cikinta ya tsufa, kwalabe shida jere a gabanta.

"Nuna mini yadda kike yi."

Ta jefa ƙwayar gwaji cikin kwalba. "In da magani, ruwan ya yi ja-ja. Sai in kara da katin nan, in rubuta lamba. Sifiri babu ke nan, biyar ya yi yawa."

Ya cika wata kwalbar a famfon bayan ɗakin, ya miƙa mata. Ta jefa ƙwaya. Ruwa ya tsaya fari fat. Ta sake jefa wata. Shiru.

"Innalillahi," in ji ta. "Wallahi na safen nan uku ya ba ni. Ga shi nan, bai ko dushe ba."

"Ke kika ɗebo?"

"Da wannan cikin? Likita ya hana ni babur. Ba-Komai ke zagayawa ya ɗebo mini shidan, daga tasha har gangare. Kai ka amince, Oga. Har ka ce haka ake son ma'aikata, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Ya tuna. A taron safe ya faɗa, har aka tafa.

Ya baza takardun sati uku a kan teburinta. Kullum yana sa musu hannu, amma yau ce rana ta farko da ya karanta su. Tasha, uku. Kasuwa, uku. Makaranta, uku. Gangare, uku. Ya jawo na watannin baya. Tasha huɗu, kasuwa uku, makaranta biyu, gangare ɗaya, wani lokacin da ƙyar.

"Malama, magani yana ƙarewa a hanya, ko ba haka ba?"

"Ai na gaya maka. Na ce Oga, gangare ta yi daidai da tasha, abin ya ba ni mamaki. Ka ce albarkar sababbin bututunka ce."

Ya tattara takardun.

Ana kiran azahar ya koma tasha. Ba-Komai yana wanke mota yana waƙa ƙasa-ƙasa. Kofur na gyangyaɗi. Baba ya riga ya sa hularsa ya zauna kusa da shi, kamar mai jiran mota.

"Ara mini filayarka," in ji Injiniya.

"Ba komai, Oga." Direban ya ɗan tsaya. "Sai dai ina jin na bar ta a gida."

"Bari in duba."

Ya ture kujerar direba gaba. Jak, sufana uku, filaya, duk sun yi jawur da tsatsa kamar sun shekara a rijiya. Tabarmar robar da ke ƙasa ta yi fari. Can a lungu ya zaro wata 'yar kwalbar maganin ido. Ya buɗe, ya kai hanci. Tari ya sarƙe shi har kofur ya farka.

"Motar nan shekararta ɗaya," in ji Injiniya da ya samu numfashi. "Ba ruwan sama ne ya ci ƙarfen nan ba. Kulorin ne, wanda aka ɗaura a leda. Mai ɗauko duro a rufe ba shi da dalilin yin tsatsa a bayan kujera."

"Oga, wani ne zai..."

"A hanya kake buɗewa, ka kwashe, ka cika da ƙasa, ka rufe fuska da na gaske. Shi ya sa kake yanke hatimi da kanka, kada mai sito ya ga an taɓa. Baba ba ya jin wari, ka lura tun tuni. Saura gwaji, sai Allah ya kawo cikin Malama. Kowace kwalba ka ɗiga mata ɗigo ɗaya daga wannan."

Ya ɗaga takardun.

"Nan ka yi kuskure. Kai direba ne, gani kake abin da aka loda a tasha shi ake saukewa a gangare. Ruwa ba haka yake ba. Magani na raguwa a bututu. Ka yi wa kwalabe shida adalci, adalcin ya tona ka."

Ba-Komai ya zauna a kan tayar mota, soso na ɗiga a hannunsa.

"Masu wanki ne suka dame ni in sayar musu," ya ce. "Na ɗauka ruwa ai ruwa ne. Da can rijiya muke sha, ba mu mutu ba."

"Akwai yara goma sha ɗaya a asibiti. Je ka faɗa wa iyayensu."

"Tashi mu je," in ji kofur. "Ba komai."

Injiniya ya ɗora takarda a kan bonet ɗin motar, ya rubuta sunan direban. Ya tsaya. A ƙasa ya ƙara layi: shugaban tasha ya sa hannu a takarda ashirin da ɗaya bai karanta ba. Ya ninke, ya ba kofur.

Duro na huɗu zuwa na shida ba a taɓa cikinsu ba. Suka mirgino ɗaya zuwa ɗakin zubi shi da mai sito, wanda ya toshe hanci da hula ya gudu. Baba ya cire tasa hular ya rataye. Ya nutsa ludayi har ƙasan duron, ya ɗago, ya miƙa wa Injiniya saitin fuska.

"Ara mini hancinka, ɗana."

Injiniya ya shaƙa. Ya duƙe yana tari, hawaye na zuba.

"Madalla," in ji Baba. "Saura takwas."