Ruwan Da Inna Ta Dafa

"Ki aje ƙullin nan, Baraka."

"Ba ni ajewa. Yau ƙafata ƙafarka, Ƙanƙara za ni."

Harisu ya tsaya a zauren gidan gwaggon matarsa a Sabuwa, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba. Ya dubi matarsa, ta rame amma fuskar ta fara washewa, kumburin ƙafafun nan ya saɓe. Abin da yake ta roƙon Allah ke nan, ga shi kuma tana neman ta rushe shi da hannunta.

"Mi Sista Alheri ta ce miki a Faskari?" ya tambaya a hankali.

"Na san abin da ta ce."

"Maimaita mini, rabin raina."

Barakatu ta kau da kai, hawaye ya cika mata ido. "Ta ce kada in ɗauki ciki sai zuciyata ta koma daidai... ta ce in na ɗauka yanzu, da wuya in tashi."

"To?"

"To Inna hwa? An ce ko tuwo ba ta iya gamawa. An ce kullum tana zaune bakin ƙofa tana cewa za ta mutu ba ta ga jikanta ba. Kai kaɗai gare ta, Maigida. Ni in zauna nan ina cin hanta da ƙwai kamar matar Di'o, tsohuwa tana can tana ƙarewa?"

Harisu ya matso. Ya karɓe ƙullin daga hannunta, ya miƙa wa gwaggonta da ke laɓe a bayan ƙofa tana yi kamar shara take. Ranar ko sallama mai daɗi ba su yi ba.

Auren soyayya suka yi, irin wanda har 'yan kasuwa suka san da shi. Harisu direban babbar mota ne, yana ɗauko siminti daga Ikko a shekarun nan da kuɗin mai ya sa kowa gini, har wanda bai da akuya yana maganar rufin kwano. A kasuwar Sabuwa ya ganta tana sayar da ƙuli, ya saye tiren duka, alhali ko haƙorin cin ƙuli ba shi da shi.

Barakatu marainiya ce, ba ta san uwarta ba. Ranar da aka kai ta Ƙanƙara, Inna Hajaratu, mahaifiyar Harisu, ta kama hannunta ta ce, "Daga yau ba suruka nike ba, uwa nike." Kuma ta cika alkawari. Ko da ciki ya tsufa, Inna ta hana a kai ta gida goyon ciki, ta ce wace uwa ce a can da ta fi ta?

Aka haifi namiji, bai kai suna ba ya koma.

Duk da haka jego sai an yi shi, haka al'ada ta ce. Inna ta sa aka sauke mata itacen kirya, ta samo ganga guda. Safe da yamma ruwa yana tafasa, tana tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa wa Barakatu har fata ta yi ja. Ta hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwantar da ita a kai. Kunun kanwa kuwa ba a magana, ta aika har Funtua aka sayo mata jar kanwa mai kyau, tana damawa da kauri tana tsare ta sai ta shanye. Tana yi tana kuka, tana cewa sanyi ba zai kama mata ɗiya ba tana raye.

Ba a yi arba'in ba ƙafafun Barakatu suka kumbura. Numfashi ya gagara, in ta kwanta sai ta ji kamar an ɗora mata turmi a ƙirji. Harisu ya dawo daga tafiya ya tarar da ita a zaune tana haki, ya ɗauke ta sai ɗakin shan magani na Faskari, inda Sista Alheri take, wata ma'aikaciyar jinya da mata suka yarda da hannunta. Ita ta tura su babban asibiti, ita kuma ta zaunar da su bayan an sallame su ta yi musu magana ba ɓoye-ɓoye.

Zafin ruwa da yawan kanwa sun gajiyar da zuciyar, in ji ta. Za ta iya warkewa, amma sai an ba ta lokaci. Ba kanwa, gishiri kaɗan, ba daka, ba ɗaukar tulu. Ta ci wake da zogale da hanta don jini ya dawo, ta sha ƙwayoyinta, ta zo awo duk wata. Ciki kuwa sai likita ya saurari ƙirjinta ya ce to.

A nan gizo yake saƙa. Mace mai goyo ba wanda zai tambaye ta ƙani sai ta yaye. Wadda ɗanta ya koma kuwa, ana fita arba'in ake fara duban cikinta, ana yi mata addu'ar Allah ya kawo madadi. Harisu ya san kansa, ya san kuma irin son da yake mata. Shi da kansa ya kai ta Sabuwa ya ce ta zauna wajen gwaggonta. Inna kuma ya ce mata likita ne ya ba da hutu, bai ƙara ko kalma ba. Ina zai iya duban idon uwarsa ya ce ruwanta ne?

Gari kuwa ya samu abin taunawa. Wasu suka ce yaji ne, wasu suka ce saki ne ake ɓoyewa. Abin da ya fi ci wa Barakatu rai shi ne Inna ta ɗauka gudunta ta yi.

Kwanaki kaɗan bayan rigimar zaure, da hantsi, Barakatu tana tsinke zogale a tsakar gida ta ji sallama. Muryar ta sani, amma ta yi rauni ƙwarai. Ta ɗaga kai ta ga Inna dafe da bango, ƙurar hanya har gira, ta zama kamar kara.

"Inna... ke da wa kunka zo?"

"Ni da ƙafata. Motar kasuwa na hau, yaron nan bai sani ba." Ko a wannan hali ba ta kama sunan ɗan farinta ba.

Barakatu ta shimfiɗa mata tabarma, ta durƙusa. "Ki gafarce ni, Inna. Bari in ɗauko kayana, yanzu mu tahi."

"Zauna." Tsohuwa ta numfasa. "Da na fito, zuwa na yi in tahi da ke ko da tsiya. Na ce bari in fara tsayawa Faskari in ga Sistar nan da ta raba mini gida. Na shiga na wanke ta tas, har mutane sunka taru. Ta bar ni sai da na gaji. Sannan ta ba ni kujera, ta ce, Baba, ashe ba su faɗa miki ba?"

Barakatu ta kasa duban ta. Ta sunkuyar da kai.

"Ɗago ki dube ni. Gaskiya ne? Ruwana ne?"

"Inna, ciwo na Allah ne..."

"Na sani na Allah ne. Ruwana ne?"

Kuka ya ƙwace wa Barakatu. Inna ta daɗe tana kallon tafin hannuwanta, har yanzu da tabon ƙunar ganga a jiki.

"Haka anka yi mini, haka anka yi ma uwata," ta ce. "Ni ina ƙara itace ina cewa gata nike miki. Kina cewa Inna da zahi, ina cewa daure ɗiyata. Ashe kashe ki nike da hannuna."

"Wallahi ban taɓa riƙe ki ba. Ba wanda ya taɓa so na kamar ke. Ki bar ni in koma, Inna, ko Allah ya sa ki ga jikanki..."

"In ga jika in rufe ɗiya? Wa zai goya shi, ni da ko zanena ban iya ɗaurewa?" Ta jawo kan Barakatu ta ɗora a cinyarta. "Ki ji ni da kyau. Ko kin ji ana kuka a Ƙanƙara, in gaisuwa ce ki zo ki yi ki dawo. Ba ki tarewa sai likita ya ce. In kin saɓa, ban yahe ba. In kuma Allah ya kawo rabon, kada ki bari kowa ya dafa miki ruwa irin nawa. Ɗumi-ɗumi ya isa."

Ta kwana biyu a Sabuwa, da hannunta ta riƙa ba Barakatu ƙwayoyin asibiti, tana leƙa tukunyar gwaggo tana faɗan gishiri ya yi yawa. Harisu ya zo hankali a tashe ya mayar da ita gida.

Ba a kai lokacin girbi ba Inna ta rasu. Barakatu ta je ta yi zaman makoki, ta yi kukan da ba ta samu yi wa uwar da ta haife ta ba, sannan ta koma Sabuwa. Mata suna ta zunɗenta, ba ta kula ba.

Sai da wata damina ta zo ta wuce. Ran nan a babban asibiti likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, ya juya ta, ya sake saurara. Ya dubi Harisu ya yi murmushi, ya ce zuciya ta koma daidai, jini ya cika, su je Allah ya ba da rabo.

Suka fito bakin titi. Harisu har yana tuntuɓe don murna, ya manta da idon mutane ya kama hannunta.

"Baraka, yi sauri mu kai ma Inna albi..."

Sai ya tuna. Ya saki hannunta ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Barakatu ta bar shi ya yi mai isarsa, ita ma tana share nata hawayen da bakin mayafi.

"Mu tahi, masoyina," ta ce. "In mun kai maƙabarta ni zan tsaya daga bakin hanya, tunda mata ba su shiga. Kai ka ƙarasa ka yi mata addu'a. Ka ce mata ɗiyarta ta ji magana."