Ramuka Huɗu a Bango

Da hantsi wani tsohon tela ya zo caji ofis ya ce an sace masa esi, na'urar sanyaya ɗaki. Kofur ya tambayi yaushe. Ya ce ai yana nan a bango, sai dai ba nasa ba ne. Kofur ya yi dariya. Sufeto bai yi ba, ya ɗauki hularsa.

Ɗakin tsohon babba ne, tagogi biyu na kallon rana, kujeru shida, mutum ɗaya. Esin na ta gurnani ba hutu, gumi kuwa na bin wuyan tsohon. Ya ce 'yarsa ce ta saya kafin aiki ya kai ta nesa, don likita ya ce zuciyarsa ba ta son zafi. Da tef ɗinsa na ɗinki ta auna ɗakin, ta ce sai mai ƙarfin doki biyu. Ya yi kwana uku a asibiti, da ya dawo sanyi ya ƙi.

Sufeto ya taka kujera. A gefen esin ya ga ramukan ƙusa huɗu, fanko. Esin da ya zauna nan a da ya fi wannan faɗi.

Aka kira mai gyaran da ya kafa esin. Ya rantse rabonsa da gidan tun ranar kafawa, amma ya ƙi ɗaga kai ya dubi bango.

Sufeto ya juya ga tsohon. "Baba, wa ke da makulli?"

"Ɗan ƙanena, direba. Yana ɗakin baya. Shi ke kawo min shayi kullum."

Ɗakin direban bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Sanyi ya daki Sufeto tun daga ƙofa, sanyi mai danshi. Direban na cikin rigar sanyi, yana jan majina. Ya ce esin nasa ne, don ɗakin nan ya saya.

Sufeto ya zauna ya dubi agogo. Minti biyu, esin ya ɗauke. Minti uku, ya tashi. Ya sake ɗaukewa.

"Wa ya auna maka ɗakin?"

Direban ya ja majina.

"Rigar babba ka sa wa yaro. Ya fi ƙarfin ɗakinka, shi ya sa yake tsayawa, kai kuma kake mura. Naka ƙaramin yana can yana neman kashe baffanka."

Direban ya sunkuyar da kai. "Ni da mai gyara muka musanya. Na ɗauka sanyi duk sanyi ne, Baffa ba zai gane ba."

Kofur ya sa musu ankwa. A tsakar gida tsohon na tsaye da kofuna biyu a hannu.

"Ranka ya daɗe, to gobe wa zai ce min ina kwana?"

Sufeto ya tuna nasa ɗan, wanda wata biyu ke nan bai kira gida ba.

Kafin la'asar aka mayar da esin kan ramukansa huɗu. Ɗakin ya yi sanyi yadda 'yar ta auna. Tsohon ya rufe ƙofa, ya zauna a ɗaya daga cikin kujerun shida.